Kunnen Ladidi

Ku ajiye wayoyin nan, ku ba ni hankalinku. Ni zan ba da labarin, ku za ku yanke hukunci.

A wata jami'a akwai sashen da ake koyar da renon yara da tarbiyyar matasa. Tun ranar farko malamai suke faɗa wa ɗalibai abubuwa uku da ake so su fita da su: ido mai lura da yaro, kunne mai sauraronsa, da bakin da ya iya magana da iyayensa. A shekarar ƙarshe ba a tsayawa kan jarrabawar takarda. Ana tura su makarantar ƙananan yara ta jami'ar, a ga ko karatun ya zauna. Wanda ya fi kowa shi ake ɗauka aiki a makarantar, gurbin kuwa ɗaya ne tak.

A shekarar da nake ba ku labari, ɗalibai uku aka tura aji guda: Balaraba, da Murja, da Sabi'u. A ajin akwai wata yarinya, Ladidi, wadda take zaune wurin kakarta. Kowa ya sallama cewa taurin kai gare ta. A kira ta, ta yi banza da mutum. A taɓa kanta, ta kai cizo.

Balaraba ba ta da yawan magana, gefe take zama tana kallo. Ita ce ta lura cewa in an kira Ladidi ta dama tana juyowa, in ta hagu ne ko motsi ba ta yi. Ta kuma ga ko barci ya ɗauke ta, hannunta na kan kunnenta na hagu. Ta ce wa 'yan'uwanta ɗalibai, "Yarinyar nan ba rashin ji take yi ba, jin ne babu." Rahoton da ta rubuta, malamai sun ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Sai dai daga rubutun ba ta ƙara komai ba.

Murja kuwa tabarma ta shimfiɗa kusa da Ladidi, ta kawo 'yar tsana, kullum suna yi mata wanka da kitso. Ba ta taɓa tambayarta komai ba. Sun daɗe a haka, har wata rana Ladidi ta ce, "Anti, 'yar tsanar nan kunnenta na ciwo. Ta tsinka carbin Kaka, ta ɓoye ƙwaya ɗaya a ciki, ta ƙi fitowa. Kada ki faɗa wa Kaka." Murja ta yi mata alkawari, ta kuma cika. Abin da ta faɗa wa abokan karatunta kawai shi ne akwai abu a kunnen Ladidi, a gaggauta. A rahotonta ba ta sa zancen carbi ba, sai ya fito fayau, kusan babu abin da za a ba wa maki.

An aika wa kakar, Hajiya Tabawa, cewa ta kai yarinyar asibiti. Ta ce sanyi ne, tana ɗiga mata mai, ita da ta reni 'ya'ya da jikoki ba yaran jami'a ne za su koya mata ba. Doka ta hana ɗalibi zuwa gidan yaro sai da izini, izinin kuma ya ƙi fitowa. Sabi'u ya tafi haka nan. Ya durƙusa a zaure ya gaishe ta.

"Kai ne likitan?" in ji tsohuwa. "Ko gemu ba ka gama ba."

"Hajiya, ai shi ya sa na zo wurin manya. Ki raka ni mu je a duba. In sanyi ne, ki yi mini dariya har gida."

"Zan kuwa yi," ta ce, ta jawo mayafi.

Cikin ikon Allah likita ya zaro ƙwayar. Ta itace ce, ta sha mai ta kumbura. Ya ce da an ƙara jinkiri, da kunnen ya tafi. Hajiya Tabawa ta juya ƙwayar a tafin hannunta, ta ce, "Ashe nan kika shige! Shi ya sa kullum tasbihina ba ya cika." Ta rungume jikarta, ko faɗa ba ta yi mata ba.

Da malamai suka zauna ba da maki, magana ta ƙi ƙarewa. Wasu suka ce Balaraba, don da ba ta gani ba, da har yau ana cewa taurin kai ne. Aka ce amma ta gani ta tsaya. Wasu suka ce Murja, don ita yarinyar ta yarda da ita. Aka ce to me za mu duba, alhali takardarta babu komai? Wasu suka ce Sabi'u, don shi ya kai ta gaban likita. Aka ce ya karya doka, in an saka masa, gobe kowa zai karya.

Ladidi dai yanzu tana ji ta kowane gefe, alhamdu lillahi. Gurbin aiki kuma yana nan, guda ɗaya.

To, da ku ne malaman, wa za ku ba wa: wadda ta gani, wadda ta riƙe amana, ko wanda ya taka ya je?