Ɗan Ƙarfen da Malam Habila Ya Ajiye

Akwai wani mutum, malamin kiɗa da waƙa a wata kwalejin horar da malamai, ana ce da shi Malam Habila. Mutum ne mai ƙwazo, amma akwai shi da fargaba. In an ce baƙi za su zo ranar Asabar, tun Litinin yake ta kai da kawo.

A kwalejin nan suna da wata al'ada. Kowace shekara da kaka sukan ware Asabar shida a jere, su gayyato gwanayen makaɗa daga manyan birane, masu gogen Turawa da sarewa da ƙaho, irin waɗanda sukan buɗe takarda a gabansu suna karanta kiɗan suna yi. Mutanen gari sukan cika zauren taro su saurara. A shekarar da muke magana, shugaban kwalejin ya ce ya gaji da ganin ɗalibansa suna tafa wa baƙi kawai. A Asabar ta ƙarshe su ma za su hau dandamali su yi tare da baƙi, Malam Habila kuma yana kan piyano.

Piyanon nan tsoho ne, tsirkiyoyin da ke cikinsa sun fi ɗari biyu. Ranar da Baba Istifanus, malamin da ya riga shi, ya yi ritaya, ya danƙa wa Malam Habila makullin ɗaure tsirkiyoyin, da wani ɗan ƙarfe mai baki biyu wanda bai fi tsawon tafin hannu ba. In ka buga shi a gwiwa ka kai kunne, murya ɗaya tak yake fitarwa, ba ta hawa ba ta sauka, da bazara da damina.

"Da wannan za ka riƙa farawa," in ji Baba Istifanus. "Ka daidaita tsirkiya ɗaya da shi, sa'an nan sauran su bi ta."

Malam Habila ya yi hakan shekara biyu. Daga nan sai ya ga ai kunnensa ya ƙware, ya jefa ɗan ƙarfen cikin akwatin tsofaffin takardu. In tsirkiya ta saki, sai ya daidaita ta da maƙwabciyarta. Maƙwabciyar kuwa ita ma ta ɗan saki, bai sani ba. Haka aka yi ta tafiya shekara goma sha ɗaya. Ɗalibai masu goge suna ɗaure nasu daidai da piyanon, mawaƙa suna bin masu goge, kowa ya yi daidai da kowa. Baƙin da suka zo a baya da kayansu suka zo. Ko wani ya taɓa piyanon ya ji abin da ya ji, kara ba ta bar shi ya faɗa ba.

Da Asabar ta ƙarshe ta matso, Malam Habila bai bar komai ba. Ya sa an yi wa zauren fenti, an wanke labule, ya ƙirga kujeru sau uku, ya je da ƙafarsa ya duba janareto. Piyanon kuwa ya sha guga har mutum na ganin fuskarsa a jiki. Duk da haka zuciyarsa ba ta kwanta ba.

"Malam, ka ci abinci mana," in ji matarsa Rifkatu. "Baƙin nan ba shari'a za su zo yi maka ba."

"Ke dai ba ki gane ba," ya ce. "Jikina yana ba ni akwai abin da na manta, amma na rasa ko mene ne."

Ranar Laraba da hantsi baƙin suka iso, su biyar. Shugabarsu wata dattijuwa ce mai goge, ana kiranta Mama Damaris. Bayan an gaisa, aka taru a zaure domin gwaji. Kafin a taɓa komai, Mama Damaris ta zaro wani ɗan ƙarfe mai baki biyu daga jakarta. Malam Habila yana ganinsa ya tuna da nasa.

Ta buga shi a gwiwa, ta kafa gindinsa a kan katakon piyanon, murya siririya ta fito kowa yana ji. Ta ce, "Malam, ba ni irinta."

Ya danna piyanon. Muryoyin nan biyu suka ƙi haɗuwa, ta piyanon tana can ƙasa tana ja da baya. Ya sake dannawa, ko hannunsa ne ya goce. Haka dai. Ɗalibai suka fara duban juna.

"Mama, ko ƙarfen ne ya samu matsala a hanya?" in ji Malam Habila.

"Mai yiwuwa," ta ce. "Ku ba ku da naku?"

Ya tafi ofis yana addu'a a zuci kada ya same shi. Ya same shi kuwa, a ƙarƙashin takardun jarrabawar shekarun baya. Ya dawo, ya buga. Muryarsa da ta ƙarfen Mama Damaris ɗaya ce, babu bambanci ko kaɗan.

Kunya ta rufe shi. Ya ja dattijuwar gefe, ya rage murya.

"Mama, ki rufa mini asiri. Ku biyar ne, mu arba'in. Ku sassauta naku ku sauko inda muke, na rana ɗaya kawai. Wa zai sani?"

"Goge zai iya saukowa, amma sarewa ba za ta sauko har can ba, haka aka ƙera ta," in ji Mama Damaris. "Ko da za ta iya, Malam, mu ranar Lahadi za mu tafi. Waɗannan fa? Malamai ne za su zama. Abin da ka sa a kunnensu shi za su kai wa 'ya'yan mutane."

Malam Habila ya juyo ya fuskanci ɗalibansa.

"Laifin ba na piyano ba ne, nawa ne. An ba ni abin da zan riƙa dubawa, na ajiye shi. Duk mun sauka tare, ni na kai ku."

Saura kwana uku. Ya buɗe cikin piyanon, ya daidaita tsirkiya ɗaya da ɗan ƙarfen, ya shiga jan sauran a hankali a hankali, gama tsirkiyar da ta daɗe a sake ba ta son a ja ta. Duk juyin da zai yi wa makullin sai ya runtse ido. Ranar Alhamis ɗaya ta tsinke. Ranar Jumma'a wata ta bi ta, ta zabga masa a bayan hannu har jini ya fito. Mawaƙa kuma suna ta gunaguni, wai waƙar da suka saba yi cikin sauƙi yanzu tana ƙure musu murya. Har safiyar Asabar bai tabbata za a iya ba.

Da yamma zaure ya cika. Malam Habila ya hau dandamali da tsumma ɗaure a hannu. A gaban shugaba da dukan jama'a ya fito da ɗan ƙarfen, ya buga, ya danna piyanon. Muryoyin suka haɗu suka zama ɗaya. Masu goge suka ɗauka, mai sarewa ya ɗauka, baƙi da 'yan gida. Aka yi kiɗan. Wurare biyu a piyanon, inda tsirkiyoyin nan suka tsinke, sun yi rauni, duk lokacin da yatsansa ya bi ta kansu sai ya tuna.

Ma'anar wannan misali ita ce, ɗan ƙarfen nan Maganar Allah ce, wadda ba ta hawa ba ta sauka. Piyanon zuciyarka ce. Ba a rana ɗaya take saki ba. Yau ka ɗan rage gaskiya, gobe ka bar addu'a don ka gaji, jibi ka riƙe ɗan'uwanka a zuciya. In abin ya dame ka, sai ka dubi na kusa da kai ka ce, ai wane ma haka yake yi. Wane kuwa kai yake duba. Ta haka gida guda, har ikkilisiya guda, za su sauka tare suna jin daɗin muryar juna, ba mai cewa uffan.

Ku lura, Malam Habila ba rago ba ne. Ya yi fenti, ya goge katako, ya rame don damuwa. Mu ma mukan wanke tufafin Lahadi, mu zo sujada da wuri, mu damu da abin da mutane za su ce, alhali abin da ya kamata mu duba yana rufe cikin akwati.

Komawa daidai yana da zafi, ba zan ɓoye muku ba. Akwai halin da za a ja har ya tsinke, akwai wanda za ka tsaya a gabansa ka ce, laifina ne. Kada kuma ka roƙi Ubangiji ya sauko da ma'auninsa inda kake, ba zai sauko da shi ba. Alherinsa shi ne ya aiko maka da mai faɗa maka gaskiya tun da sauran lokaci.

Malam Habila ya san ranar taronsa, ya kuma sami kwana uku. Ni da kai ba a faɗa mana ranar da Ubangiji zai zo ba. In ka koma gida yau, ka nemo naka inda ka ajiye shi, ka kakkaɓe ƙurar, ka buɗe ka saurara.