Ɗakin Wa Inna Kande Za Ta Shiga?

Ku gyara zama, don in na gama ku ne alƙalai.

Inna Kande tana da 'ya'ya uku: Barau, Lantana da auta Ilu. Barau ɗan fari ne, kun kuwa san kunyar ɗan fari. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, "yaron nan" take cewa, ga shi har furfura ta fara fito masa. In ya zo gaisuwa, tabarma take kallo ta amsa. Yakan ga Ilu yana cusa hannu a kwanonta, sha'awar abin ta cika shi, amma wa zai gaya wa?

Sai ciwon daji ya kama Inna a nono. Ta ɓoye, ta koma shan sassaƙe. Lantana ce ta lura uwar ta daina ɗaga hannu in za ta ɗaura kallabi. Ta tsare ta a ɗaki, ta yi kuka, ta rantse ba za ta koma gidan mijinta ba sai an je asibiti. Ba don ita ba, da ba mai sani sai mai wankan gawa.

Barau kuwa a ɗakin binciken wata jami'a ya ƙarar da ƙuruciyarsa, suna haɗa wasu 'yan ƙwayoyi da ido ba ya gani. In aka sa su a jini sai su bi jiki su nemo dajin su manne masa, su haska shi a hoto, sannan su juye masa maganin da suka ɗauko. Ya yi ta faɗi-tashi har aka sa Inna cikin waɗanda za a gwada wa. Ranar allurar a baranda ya tsaya, don kada ta ji nauyinsa.

Ilu likitan hoto ne. Da aka ɗauki hoton Inna bayan allurar, babban hasken da ke nono kowa ya gan shi. Ilu ne ya ƙi tashi, ya yi ta juya hoton har ya gano wani ɗan ɗigo ya laɓe a hammata. Da an bar wannan, da aikin ya koma baya.

Inna ta samu sauƙi, amma aka ce ba za ta ƙara zama ita kaɗai a ƙauye ba. Kowannensu ya share mata ɗaki a garin da yake. Lantana ta ce ita ce mai yi mata wanka da kitso. Ilu ya ce shi kaɗai take yi wa faɗa ta ji daɗi. Barau kuwa ya ce, kansa a sunkuye:

"Inna, ko ba za ki yi mini magana ba, in dai riƙa jin motsinki a cikin gida."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska.

To, jama'a, wane ne a cikinsu ya fi cancanta ta bi shi gida?