Motar da Aka Hana Tafiya

Akwai wani magidanci wanda mahaifinsa ya rasu ya bar masa tsohuwar mota, irin ta dā mai kaurin ƙarfe. Ya ƙaunaci motar nan ƙwarai, gama duk sa'ad da ya buɗe ƙofarta yakan tuna da uban nasa. Sai ya ce a ransa, "Hanya ce ke cinye mota. In ba a hau ta ba, ba za ta tsufa ba." Ya yi mata rumfa, ya ɗora ta bisa duwatsu don tayoyin su huta, ya lulluɓe ta da tamfol. Kowace Asabar yakan wanke ta, ya goge fitilunta da tsumma mai laushi. Amma shekara shida bai tayar da injin ba ko sau ɗaya.

Ana nan sai saƙo ya zo cewa kawunsa, yayan mahaifiyarsa, yana kwance a ƙauye, jiki ya yi tsanani. Mahaifiyar tasa, wadda ta tsufa, ta kira shi ta ce, "Mu biyu kaɗai muka rage a ɗakinmu. Ƙasusuwana ba za su iya babur ba, motar haya kuwa ba ta shiga garinmu. Ka kai ni in gan shi da rai."

Ya ce, "Gobe da safe, Mama, in Allah ya yarda."

Da gari ya waye ya sauke motar, ya sa sabon batir, ya zuba fetur, ya murɗa makulli. Injin ya ce ƙyat, ya yi shiru. Sai ya aika aka kira tsohon bakaniken da yake duba ta tun zamanin mahaifinsa.

Tsohon ya sa sifana ya gwada juya injin da hannu, ko motsi. Ya ce, "Ɗana, mota ka ajiye ko amarya?"

"Baba, ko ƙura ban bari ta taɓa ta ba."

"Na gani, har furfurata ina hange a jikin ƙofar. Amma matso ka ji. Baƙin mai yana kwance can ƙasa, ba ya hawa da kansa. Sai inji yana juyawa famfo ke tura shi ya bi kowace gaɓa. Haka maƙerinsa ya tsara shi: aikinsa ne ke shafa masa mai. Ka hana shi aiki, fistin, ƙarfen da ke hawa da sauka a ciki, ya bushe a raminsa, tsatsa ta ɗaure shi."

Mutumin ya ce, "To, a ɗaura wa babbar mota ta fizge ta."

"Ka fizge, ka karya abin da aka daina ƙerawa?"

Tsohon ya kwance fulogi huɗu, ya ɗiga mai cokali-cokali cikin kowane rami. Ya ce, "Sai jira."

"Kawu fa, Baba?"

"Kawunka yana hannun Allah. Wannan kuwa sai mai ya ratsa."

Kowace safiya yakan zo ya danna sifana a hankali, ya ƙara mai, ya tafi. Tsohuwar kuwa tana zaune a bakin ƙofa da ƙunshin kayanta, tana jira. A safiya ta huɗu ƙarfen ya gusa kamar faɗin yatsa, sa'an nan ya juya sarai. Motar ta yi tari, ta cika gidan da hayaƙi, ta tashi.

Ya ɗauki mahaifiyarsa suka tafi ƙauyen, suka iske kawun da sauran numfashi. Idonsa ba ya gani sosai, amma ya gane muryar ƙanwarsa, ya ce, "Auta, ke ce? Kin daɗe a hanya."

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Motar ita ce bangaskiyar da iyayenmu suka bar mana. Da yawa cikinmu muna goge ta ran Lahadi, mu mayar da ita ƙarƙashin tamfol har mako ya zagayo. Ba mu yafe wa kowa da ita ba, ba mu ɗauki kayan kowa a cikinta ba, muna tsammani adana ta muke yi. Ranar da za a bukace ta sai mu tarar ta cije. Amma kada wanda ya tarar da zuciyarsa haka ya fid da rai. Wanda ya ƙera ta ya san kowane rami da ke cikinta, ba kuwa da fizga yake gyara ba, da man alherinsa ne, ɗigo-ɗigo. Ku dai kawo masa ita tun yau, gama akwai wanda yake zaune a ƙofarku da ƙunshinsa, yana jira ku kai shi.