Birnin da Tsutsa ta Koya wa Tausasa Murya

Dalilin da ya sa mutanen Sujau, wani tsohon birni a ƙasar Sin, suke magana a tausashe, har baƙo ya zaci waƙa suke yi alhali faɗa ne, shi zan gaya muku yau. Ku matso, yara, wannan labarin ba ya son ihu.

An ce a da ba haka suke ba. Sujau garin ruwa ne. Inda mu muke da lungu su rafi gare su, inda muke da jaki su kwalekwale. Maƙwabcinka yana tsallaken ruwa, ko gishiri kake so sai ka buɗe maƙogwaro. Da haka suka saba, har gaisuwarsu ta koma kamar tsawa. Balbelu ma suka daina sauka a kan gadojin dutsen garin.

A garin akwai wata budurwa mai suna Shulan, tana zaune da kakarta. Sana'arsu kiwon tsutsar alharini, 'yar uwar tsutsar tsamiya tamu. A faifai suke zuba su, su ba su ɗanyen ganye, in sun ƙoshi sai kowace ta naɗe kanta da zare. Tsutsar nan ba ta son hayaniya. Tsutsotsin sauran gidaje duk sun gudu sun koma dutse, na Shulan ne kaɗai suka rage, don ita ko tafiya a hankali take yi.

Akwai kuma Dahai, saurayi mai sayar da dafaffiyar shinkafa a kwalekwale. Duk garin ba wanda ya kai shi murya. Yana son Shulan, amma bai taɓa faɗa ba. Abin da ya iya shi ne ya kawo mata abinci, ya ce wai ragowa ce.

Ran nan da safe, tsutsotsin sun ɗaga kai sun fara sakin zare, sai ga Dahai a ƙarƙashin taga.

"Shulan! Ga mai zafi!"

Fayafayan suka girgiza. Zaren nan duk ya tsinke.

Shulan ta leƙo, idonta ya kawo ruwa. "Yaya Dahai, me na yi maka?"

Kakar ta turo kai ta ce, "Kai ɗan nan, uwarka ganga ta haɗiya ne da tana da cikinka?"

Nan babbar tsutsar ta ɗago ta ce, "Yarinya, kin riƙe mu da kyau, amma garinku ba ya zaunuwa. Mu ma dutse za mu."

Shulan ta durƙusa. "Inna, in kun tafi da me zan riƙe kakata? Wannan sana'ar kaɗai aka bar mana."

Tsutsar ta ce, "To, ga sharaɗi. Daga gobe har mu gama naɗi, kada wata murya a garin nan ta fi ƙarar taunar ganyenmu. In kun iya, mu da jikokinmu naku ne har abada. In kun kasa, sai wata rana."

Kun san yadda taunarsu take? Kamar yayyafi a kan ciyawa.

Dahai ya ji komai. Ya juya kwalekwale ya shiga roƙon mutane. Ya fara da Goggo Lu mai wanki.

"Goggo, don girmanki, ki riƙa magana a hankali."

"Me ka ce?" in ji ta, har agwagi suka watse. "Kai ne za ka koya mini hankali? Kai da kake tashin jarirai a unguwar da ba taka ba?"

Kawu Tsai mai kamun kifi ya amsa daga tsallake, "Faɗa masa, Lu! Ko da yake ke ma kifina ya san muryarki!"

Aka dasa sabon faɗa. Dahai ya koma jiki a sanyaye. Can ya tuna ya bar tukunya a wuta a ƙarshen kwalekwalensa. Shinkafar ta dahu ta wuce misali, ta yi danƙo, ga tulun zuma ya tuntsure a ciki. Don baƙin ciki ya cura ya jefa a baki. Daidai nan wani kwalekwale ya taho zai buge nasa. Ya buɗe baki zai yi ihu, amma haƙoransa sun manne. Abin da ya fito wata 'yar siririyar murya ce mai ja: "Kauce mana, ɗan'uwa."

Mai kwalekwalen ya yi murmushi ya kauce, har da gaisuwa.

Dahai ya dubi tukunyar, ya dubi rafin. Ya kwaso duk shinkafar da ya mallaka ya dafa ta haka, ya cuccura, ya ƙunsa a ganyen bado. Gari na wayewa ya fita. Duk wanda ya ga ya ja numfashi zai yi kira, sai ya miƙa masa curi ɗaya kyauta.

Goggo Lu ta buɗe baki za ta zagi Kawu Tsai, Dahai ya ce, "Goggo, ɗanɗana tukuna." Ta tauna, ta yi ta taunawa. Zagin ya fito a hankali, da zaƙi a jikinsa. Kawu Tsai bai ji ba, dole ya tuƙo kwalekwalensa kusa. Da ya iso ya ga fuskarta da kyau, sai ya manta abin da ya kawo shi, ya ba ta kifi biyu.

Haka Dahai ya yi ta zagaye, rana ta dake shi, hannunsa ya yi kanta, shi kansa bai yarda ya yi magana ba sai da curi a baki. Mata suka koyi girkin suka taya shi. Garin ya yi tsit, har ana jin saukar ɗigon ruwa daga filafili. Balbelu suka dawo kan gadoji. A gidan Shulan kuwa, tsutsotsi suka naɗe kansu fari fat kamar ƙwan tattabara.

Babbar tsutsar, kafin ta rufe bakin naɗinta, ta ce, "Kun cika alkawari. Mun zauna."

Shulan ta sauko har bakin ruwa. Ta riƙe igiyar kwalekwalen Dahai ta ce, "Yaya Dahai, na gode. Ban san da me zan saka maka ba."

Ya sunkuyar da kai ya faɗi wata magana, ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba," in ji ta. "Matso kusa."

Ya matso, ya sake faɗa. Kakar tana taga, ta ce, "Ni dai ban ji komai ba, amma na amince."

Bayan an kwashe alharini, ba wanda ya koma ihun da. Sun gane cewa wanda ya rage murya, mutane ne ke matsowa gare shi.

Shi ya sa har gobe, in ji masu labarin, mutanen Sujau suke son abinci mai zaƙi da danƙo, harshensu kuma ya yi laushi kamar alharinin da suke saƙawa. In uwa ta sa wa ɗanta curin shinkafa a baki, takan ce ya gode wa tsutsa, ya gode wa mai kwalekwale. Ku ma in kun ga mayafin alharini a kasuwa, ku shafa shi a hankali. Gari guda ne ya yi shiru kafin a same shi.