Ranar da Malam Ya Tsayar da Ruwan Laraba

Malaminmu, Allah Ya ƙara masa yarda, masani ne mai zurfin ilmi, ma'abocin tsentseni da zuhudu, wanda harshensa ba ya rabuwa da ambaton Allah, kuma duk ƙasar Kura da Bunkure babu wanda ya taɓa jin ya ɗaga murya, ko da ga akuyar da ta shigar masa gona. Daga cikin karamominsa akwai wadda ta faru da Iliyasu, mutumin da manoman layinmu suka damƙa wa makullin ƙofar ruwa, shi ke sakin ruwa cikin kanal duk ranar da rabonmu ya zagayo.

Iliyasu ɗansa ɗaya ne, Suhaibu, ɗan ƙwadago a gonakin shinkafa, wanda abokai suka koya wa jefa tiramol cikin shayi don ya yi aikin mutum uku bai gaji ba. Aikin kam ya yi, amma ƙwaya ta karɓi ladanta: ya rame, hannu na rawa, sau biyu yana faɗuwa yana kumfa kamar mai farfaɗiya. Uban ya yi faɗa, ya yi kuka, ya kai kukansa wajen Malam, amma bai samu komai ba sai "Allah Ya shirya."

Wata Laraba, ranar ruwanmu, tumatir na tsakiyar fure, kwana bakwai bai sha ba, Iliyasu ya iso da makullinsa, sai ga Malam tsaye a bakin ƙofar da carbi, shi da ba ya barin zaure kafin walaha.

"Iliyasu, dakata tukuna. Bi kanal ɗin nan da ƙafa har kwalbati, ka dawo."

"Allah Ya gafarta Malam, fure zubewa yake yi, ga mutane can sun jera tiyo suna jira. Jiya jiyan nan na share kanal ɗin."

"Na sani. Bi dai."

Ya tafi yana gunaguni a zuci, domin shi da bakinsa ya faɗa mana cewa a lokacin gani yake Malam littafi ya sani, bai san tumatir ba. Yana isa bakin kwalbati ya ga silifa ƙafa ɗaya, ya kuwa gane ta. Ya leƙa, sai ga Suhaibu kife a ciki, baki duk kumfa: ya shiga ne ya ɓuya ya haɗiyi ƙwayarsa, ciwon ya buge shi. Kwalbatin nan kuwa, in an saki ruwa, ba ya minti goma bai cika maƙil ba.

Iliyasu ya dubi makullin da ke hannunsa. Ya jawo ɗansa waje, ya ji numfashi na fita, sai ya fashe da kuka yana hamdala.

Malam ya iso, ya ɗora hannunsa mai albarka a goshin Suhaibu har jikinsa ya daina karkarwa, sannan ya ce, "A kai shi asibiti, likita ma sababi ne. Kai kuma je ka buɗe wa mutane ruwansu."

Yau shekara uku ke nan Suhaibu ko ƙwaya ɗaya bai sake haɗiya ba. Aikin mutum ɗaya yake yi, shi ma da hutu, kuma ya yi kumatu. Iliyasu kuwa har gobe ba ya sa makulli sai ya taka kanal ɗin har kwalbati. In an tsokane shi, sai ya ce, "Ku bar ni. Saura ƙiris in nutsar da ɗana da hannuna saboda furen tumatir."

Tsarki ya tabbata ga Wanda ke nuna wa bayinSa na ƙwarai abin da ke ɓoye. Allah Ya ja kwanan Malam, Ya shirya mana zuriya, Ya yayyafa mana albarkarsa.