Labulen da Ya Fi Gida Tsawo

Akwai wata mata a Haɗeja mai suna Nuriyya, matar wani ɗan kasuwar shinkafa da ake kira Abdulmannan. Shekara shida suka yi a gidan haya, kafin Allah ya hore wa mijin ya fara gina nasu a wata sabuwar unguwa da ke gangare, ta ɓangaren fadama.

Tun ginin bai ƙare ba Nuriyya ta ƙwallafa rai a kan labule. Ta ce ko kujeru ba a saya ba, ita dai kada ta tare tagoginta tsirara. Ta matsa wa mijin har ya je ya auno mata tsawon bangon falo, daga inda ƙarfen labule zai zauna zuwa ƙasa. Ya rubuta a takarda: inci ɗari da takwas.

Ta sayo yadi mai nauyi ruwan zuma na labule shida, ta kai wa Inna 'Yar'azumi, wata dattijuwa da ke ɗinki a gida tun bayan rasuwar mijinta. Da keken nan take ciyar da kanta, kuma yawancin labulen amaren unguwarsu daga hannunta suke fitowa.

Bayan nan Nuriyya ta tafi gidan iyayenta a Birniwa haihuwa. Ta haifi ɗa namiji aka sa masa Khalid, ta zauna wankan jego, duk daminar bana a can ta yi ta. Ko da ta dawo, an gama gida, an shimfiɗa tayil, har an kwashe kayansu zuwa can.

Washegarin tarewa ta karɓo labulenta. Yayar mijinta, Adila, ta zo taya ta jere. Adila ta hau kujera ta zura labulen a ƙarfe, ta sake shi.

Labule ya sauko, ya taɓa ƙasa, ya ci gaba da tafiya. Ya kwanta a kan tayil ya taru kamar an zubar da wanki.

Suka rataya na biyu, haka. Na uku ma haka. Duk shidan sai jan ƙasa suke yi.

"Yaya Adila, me nake gani haka?" in ji Nuriyya.

"Abin da nake gani kike gani. Wannan ai ko masallacin Juma'a aka ɗinka wa sai haka."

Nuriyya ta kira mijinta. Yana Jahun wajen awon shinkafa, hayaniya ta cika wayar.

"Abban Khalid, anya ka auna bangon nan daidai kuwa?"

"Da hannuna na auna, har sau biyu. Me ya faru?"

"Labulen ya yi tsawo, har ƙasa yake shara."

"To ki tambayi mai ɗinkin mana. Ni dai awona babu kuskure. Bari in kira ki anjima."

Ya kashe. Ran Nuriyya ya ɓaci. Jibi mata za su zo ganin gida, ga labulen da ta yi wata biyar tana mafarkinsa ya zama abin dariya. Ba ta tsaya tunani ba ta ɗauki hoto, ta buɗe guruf ɗin matan tsohuwar unguwarsu na WhatsApp, ta danna saƙon murya.

"Jama'a ku ga aikin Inna 'Yar'azumi. Na ba ta awo a rubuce, ku ga abin da ta yi mini. Tsufa ya kama ta, ido ya tafi, ba ta ganin lambar tef. Duk mai son kayanta ta yi hattara."

Ta tura. Sannan ta cusa labule ɗaya a leda, ta goya Khalid, ta tari Napep sai gidan dattijuwar.

Inna 'Yar'azumi ta saurare ta har ta gama, ba ta katse ta ba. Ta miƙe ta buɗe wani gwangwanin alawa da take ajiye takardun awo, ta lalubo ta Nuriyya.

"Rubutun wa ye wannan, 'yata?"

"Na maigidana ne."

"Nawa ya rubuta?"

"Ɗari da takwas."

Dattijuwar ta shimfiɗa labulen a tabarma, ta ba Nuriyya kan tef ta riƙe, ita ta ja zuwa ƙarshe. Ɗari da takwas cif, ko rabin inci bai ƙaru ba.

Nuriyya ta kalli takarda, ta kalli tef. Ta ce a sake. Aka sake, amsar ba ta canza ba.

"To tef ɗinki ne ya lalace," ta faɗa, duk da ita kanta ba ta san yadda tef ke lalacewa ba. Ta naɗe labulenta ta fita ko sallama babu.

A hanya ta tsaya ta sayi sabon tef a wajen masu kayan ɗinki. Tana isa gida ita da Adila suka baje labulen a tsakar falo suka auna. Ɗari da takwas.



"To tsaya," in ji Adila. "Takarda ta ce ɗari da takwas. Labule ɗari da takwas. Abdulmannan ya rantse awonsa daidai ne. To wa ya yi kuskuren?"

"Ni ma shi nake nema, Yaya."

"Kawo tef ɗin nan."

Adila ta sake hawa kujera ta kafa kan tef a jikin ƙarfen labule, Nuriyya ta ja shi zuwa tayil. Ta duba, ta goge ido, ta sake dubawa.

"Casa'in."

"Casa'in kamar yaya?"

"Casa'in dai, Yaya. Zo ki gani."

Suka canza wuri, Nuriyya a sama, Adila a ƙasa. Casa'in. Suka koma ɗaya tagar, casa'in. Inci goma sha takwas sun ɓace daga jikin bango, kuma babu wanda ya ga fitarsu.

Adila ta sauke murya. "Nuriyya, kin san fa nan wajen da gonar shinkafa ce. Ƙasar fadama ba ta da ƙarfi. Kada dai a ce gidan nan nutsewa yake yi."

Sai a lokacin Nuriyya ta lura tagogin sun yi ƙasa-ƙasa. Sau ɗaya ta taɓa zuwa ganin ginin, tun ba a yi rufi ba, kuma ta tuna a ranar sai da ta yi ɗage kafin ta leƙa waje. Yau ga taga iya ƙugunta. Ta dubi soket ɗin wuta, ga shi dab da tayil kamar zai shige ciki.

Ta suri Khalid ta yi waje da gudu, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. Adila ta biyo ta riƙe da tef.

Suka kira Abdulmannan, waya ba ta shiga. Suka sake kira, a kashe. Suka zauna a inuwar katangar maƙwabta suna kallon gidan, kamar za su kama shi yana motsi. Can Adila ta ce ita ta ga kamar ya ƙara yin ƙasa. Nuriyya ta ce ita kuma kamar ya karkace ta gabas. Tukunya na kan wuta a ciki, amma babu mai ƙarfin zuciyar shiga ya sauke.

"Amma Yaya, idan gida ya nutse, ba da tayil ɗin zai nutse ba? Ya za a yi bango ya tafi ya bar daɓe?"

"Ni magini ce? Ni dai na san inci goma sha takwas ba sa tafiya haka kawai."

Suna nan zaune har bayan la'asar, sai ga Napep ya tsaya. Inna 'Yar'azumi ta sauko a hankali, tef a wuya, ƙaramar jaka a hannu.

Ta yi sallama, ta dube su a zaune a ƙasa. "Lafiya kuke waje da jariri?"

Adila ce ta ba ta labari, don Nuriyya ta kasa haɗa ido da ita. Dattijuwar ba ta yi dariya ba. Ta taka zuwa ƙofar gidan, ta tsaya tana kallon ƙasa.

"'Yata, da kika zo ganin ginin nan, da matakala kika shiga?"

Nuriyya ta yi tunani. "A'a, Inna. Daga waje kawai na taka na shiga."

"Yanzu fa?"

Nuriyya ta duba. Matakala uku. Tun jiya take hawa tana sauka, ba ta taɓa ƙirga su ba.

"Gidanki bai nutse ba," in ji Inna 'Yar'azumi. "Ciko aka yi masa. Bana ruwa ya kwanta a unguwar nan sosai, duk mai gini sai da ya zuba ƙasa ya ɗaga daɓensa. Ni ma shekarar da ambaliya ta shiga mana haka aka yi wa ɗakina, har yau sai na sunkuya nake shiga ƙofa. Mijinki ya auna kafin ciko, ni na ɗinka abin da ya rubuta, magini kuma ya zo ya ɗaga ƙasa. Kowa ya yi aikinsa daidai."

Kafin Nuriyya ta ce wani abu sai wayarta ta yi ƙara. Abdulmannan ne, ya samu caji.

"Abban Khalid, an yi wa gidan nan ciko?"

"Ƙwarai, tifa bakwai Fatihu magini ya zuba a watan takwas. Ban gaya miki ba? Au! Labulen! Wallahi ko kaɗan hankalina bai kai can ba."

Adila ta fashe da dariya har da riƙe ciki, ta ruga ta sauke tukunyar da ta riga ta kama. Nuriyya kuwa ba ta iya dariyar ba.

Inna 'Yar'azumi ta shiga falo ta durƙusa gaban labulen. Ta fito da alli da fil daga jakarta, tana naɗe ƙasan kowanne tana kafewa, ta bar faɗin yatsa biyu tsakaninsa da tayil don kada ya kwashi ƙura. Nuriyya na tsaye a kanta, ta rasa inda za ta sa hannunta.

"Inna, kin ji saƙon da na tura?"

"Na ji. Maƙwabciyata ta kunna mini." Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da kafa fil. "Kafin azahar mutum biyu sun aiko an karɓe musu yadinsu. Hajiya Gana da Falmata, duk na bikin 'ya'yansu ne."

"To me ya sa kika zo?"

"Aikina ne a rataye yana jan ƙasa. Ba zan iya barci ba ban san dalili ba. Miƙo mini wancan."

Nuriyya ta durƙusa a gabanta, hawaye na zuba. "Ki yafe mini, Inna. Na zalunce ki."

"Na yafe miki, 'yata. Amma ni kaɗai kike gaya wa yanzu. Waccan maganar kuwa mata fiye da ɗari kika gaya wa."

Nan take Nuriyya ta ɗauki waya ta yi sabon saƙo. Ta faɗi komai, da cikon, da matakalar, da zaman da suka yi a waje suna jiran gida ya nutse. Ta ce laifin nata ne, Inna ba ta yi kuskuren ko inci ɗaya ba.

Washegari dattijuwar ta yanke labulen, ta kalmashe su, ta goge, ta aiko da su kafin magariba. Aka rataya, suka tsaya cas.

Ita kuma Nuriyya ta goya ɗanta ta tafi gidan Hajiya Gana da ƙafarta. Hajiya ta saurara, ta yi mata faɗa sosai, sannan ta sa aka mayar da yadin. A gidan Falmata kuwa ta makara. An riga an kai wa wani tela a kasuwa, har ya sa almakashi.

Bayan wata uku Nuriyya ta je suna a wata unguwa can cikin gari. Ana hira sai maganar labule ta taso, wata mata da ba ta taɓa gani ba ta juyo gare ta.

"Ke dai ko me za ki yi, kada ki kai wa wata tsohuwa 'Yar'azumi. An ce ba ta gani. Tsaya ma ki ji, ƙanwata ce ta turo mini."

Ta danna wayarta. Muryar Nuriyya ta cika ɗakin.

Nuriyya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta bari saƙon ya ƙare, sannan ta ce, "Baiwar Allah, akwai na biyu. Shi ba a turo miki ba?"

"Na biyu kuma? A'a."

"To muryata ce wannan. Ni na faɗa, kuma ba gaskiya ba ne. Ku ba ni minti biyar in gaya muku yadda aka yi."

Ta gyara zama, ta fara tun daga takardar awo.

Darasi: Idan abu ya ɗaure maka kai, ka bincika kafin ka ɗora wa wani laifi, domin sau da yawa babu mai laifin, wani abu ne ya canza ba ka sani ba. Saƙon ɓata suna minti ɗaya ake yi a tura, amma gyaransa ba ya isa duk inda ya isa, kuma abincin wani ne ke tafiya a ciki. Ku tura wa 'yan'uwa da ƙawaye wannan labari, musamman waɗanda yatsansu ke rigan tunaninsu zuwa kan waya. Allah ya tsare mana harsunanmu.