Tawadar Mai Hannu Takwas a Fadar Sarki Mazadu

An ruwaito a cikin littattafan mutanen da, cewa Sarki Mazadu ya ci wani birni na bakin teku da yaƙi, ya tare a can da fadawansa, mutanen tudu waɗanda ruwan da suka sani bai wuce na rijiya ba.

Ran nan sai wani attajiri na birnin, mai suna Zayyanu, ya kawo gaisuwa a cikin babbar randa: wata halittar teku mai hannu takwas, ba ƙashi, ba ƙaya, sai ido kamar na akuya. Sarki ya sauko cikin farar alkyabbarsa ya leƙa. Sarkin Fada Makau, wanda hannunsa ba ya zama wuri ɗaya, ya faki ido ya tsikare ta da sanda. Sai ta feso wani baƙin ruwa, ya wanke alkyabbar Sarki har rawani, randa ta yi baƙi ƙirin.

Sai wani bafade ya ce, "Ranka ya daɗe, ai malamin teku ne! Rubutun sha ya wanke maka." Ya kamfaci ruwan randar da tafin hannu ya kurɓa, gishiri ya shaƙe shi, ya yi ta tari yana cewa, "Maganin da ƙarfi!"

Makau kuwa ya ga in aka bi sawu kansa za a zo, sai ya kwarma ihu. "Rubutun me? Sammu ne! Zaki, a garinmu wa ke zuba wa mutum tawada a jiki in ba mai neman kassara shi ba? Wannan mutumin bai manta an ci garinsu ba. A sare shi!" Ya yi ta zuba, ya jawo kakannin Zayyanu, ya jawo farin da aka yi bara, abin da babu haɗi duk ya haɗa.

Sarki ya fusata, ya sa aka kira hauni, mai sare kai. Ya ce wa Zayyanu, "Gaya mini abin da dabbarka ta rubuta a jikina. In ka kasa, kanka."

Zayyanu ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ko alif ba ta sani ba. Amma in an yi mini izini, in ba da labarin yadda ta sami tawadar."

Sarki ya ce, "Ba da, amma hauni na tsaye."

Zayyanu ya ce, "Masu jirgi sun ce Sarkin Kifaye ya taɓa raba wa talakawansa makamai. Wani ya sami haƙori, wani ƙaya, ƙaguwa ta sami almakashi. Mai hannu takwas ta tsaya wanke hannuwa, ka san aikin da yawa, ta iso an watse. Ta yi kuka. Sarkin Kifaye ya duba, ba abin da ya rage sai guntun tawadar magatakarda. Ya ƙulla mata a ’yar jaka, ya ce ta haɗiye ta ajiye kusa da hanji. Ta ce, ‘Ranka ya daɗe, me zan yi da tawada, ni da ban yi karatu ba?’ Ya ce, ‘Wa ya ce ki yi rubutu? In an tsorata ki, ki fesa. Kafin su gama tambayar me ake nufi, ke kin yi nisa.’ To, Zaki, ba ta fesawa sai an taɓa ta. Kuma duk inda aka ga baƙin, ita ba ta nan."

Sarki ya sa aka tuntsurar da randa. Wayam! Ashe tun ana gardama ta haura, ta bi magudanar ruwa ta koma gida.

Sarki ya ce, "Ba ta fesawa sai an taɓa ta. To, wa ya taɓa ta? Kuma wa ya cika mana fada da baƙin ruwa tun ɗazu?"

Aka waiga. Sai ga Makau a bakin zaure, takalmi a hammata, ƙafa ɗaya a waje, kan sandarsa na ɗigar da tawada.

Ya ce, "Zaki, alwala zan yi."

Sarki ya yi dariya har rawani ya karkace. Ya ce, "Ita aƙalla ta iya gudu. Kai ka fesa, ka tsaya neman takalmi." Ya sallami hauni, ya naɗa Zayyanu mai kula da tashar jirage, ya kuma cire alkyabbar ya jefa wa Makau, ya ce kada ya sake shiga fada sai ta koma fara. An ce har Makau ya tsufa yana bakin teku yana cuɗa.

Masu ruwaya suka ce: in an tambayi mutum abu kaɗan ya turnuƙe ka da magana, bar sauraren bakinsa, dubi ƙafarsa.